Ɗan Aikena Shekararsa Tara

Shekara biyu bayan mutuwar aurenmu, ban taɓa zama na tambayi kaina a wace siffa saƙonnina suke isa wurin uban 'ya'yana ba. Na dai san ina aikawa, amsa kuma tana dawowa. Lambarsa tun a watan farko na toshe ta, bayan wani dare da muka raba muna jifan juna da maganganun da har yau in na tuna su sai in rufe fuska. Daga nan duk abin da ya taso, kuɗin makaranta ne, magani ne, ranar da zai zo ɗaukar yara ce, babban ɗana nake kira in ce, "In kun je ka gaya wa ubanka." Lokacin da asirin aiken ya tonu shekararsa 9, ƙanwarsa tana da 6.

A taron iyaye da malamai asirin ya tonu. Kwana uku kafin nan na aike shi da saƙo mai zafi a kan kuɗin zangon karatu: ya gaya wa uban in ya gaza ya fito fili ya ce ya gaza, ya daina raina mana hankali. Yaron ya dawo ya ce, "Abba ya ce ki yi haƙuri, yana sane." Na ji sanyi kaɗan, har na ce a raina ashe mutumin nan ya fara hankali. Sai ga shi a harabar makaranta ya tare ni, wai ya gode da na ce zan jira shi zuwa ƙarshen wata. Na ce ni? Yaushe? Ya ce to shi ma bai ba kowa haƙuri ba, abin da ya ce a gaya mini shi ne in na matsu in biya da kuɗina. Muka tsaya muna kallon juna, sannan muka juya gaba ɗaya muka kalli yaron.

Abin da na yi a wurin shi ya fi ci mini rai a duk labarin nan. Na kama kunnensa a gaban mutane na ce masa maƙaryaci. Uban ya ce ai tarbiyyata ce. Na ce a'a, gado ne. Yaron bai yi kuka ba, ya dai dafe cikinsa ya durƙusa.

Ciwon cikin ba sabo ba ne. Mun fi wata takwas muna fama da shi. An ɗebi jini, an duba fitsari, an yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Malamarsa ta sha gaya mini cewa jikinsa ne kawai a aji, kuma in ya kuskure lissafi ɗaya sai ya yage takardar baki ɗaya. Autata kuwa, wadda ta daina fitsarin kwance tun tana shekara 3, ta koma yi, kuma ko banɗaki na shiga sai ta zauna a bakin ƙofa. Duk na ɗora a kan ƙiriniya da shagwaɓa. Likitan yara ne, a zuwanmu na ƙarshe, ya ajiye biro ya ce, "Wace rana cikin ya fi ciwo?" Na yi shiru ina lissafi. Juma'a da safe, ranar da uban ke zuwa ɗaukarsu, da Lahadi da yamma, ranar da ake dawo da su. Ya ce ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira yaron yake yi ba, amma maganinsa ba ya wurinsa. Ya rubuta mini takarda zuwa ga wata masaniyar halayyar yara.

Na ce masa ɗana ba taɓin hankali gare shi ba. Takardar ta yi mako biyar a jakata.

Ranar farko ni kaɗai ta gani, ban da yaran. Ta ba ni wata takarda mai tambayoyi 25 a kan kowane yaro: yana yawan koke-koken ciwon kai ko ciki, yana da aboki, yana saurin fushi, yana iya zama wuri ɗaya. Ta ce wani likita a Ingila mai suna Robert Goodman ne ya tsara ta a 1997, kuma za ta aika wa malamansu irinta, don yaron gida da yaron aji sau da yawa kamar mutum biyu ne. Sannan ta tambaye ni, a hankali amma ba kwana-kwana, ko an taɓa duka a gidanmu, ko ina tsoronsa, ko yaran suna tsoronsa. Na ce a'a, mu bakinmu ne makaminmu. Ta ce dole ta tambaya, domin inda akwai duka ko barazana hanyar daban ce gaba ɗaya: tsaro ake fara nema, ba a haɗa mutane ɗaki ɗaya a ce su fahimci juna.

Ni kuwa da shirina na zo. Na kawo hotunan tsofaffin saƙonninsa, na kawo lissafin ranakun da ya makara. Ta bar ni na yi minti ashirin ina zayyana laifinsa, sannan ta ce abu biyu da suka ɓata mini rai. Na ɗaya, ita ba alƙaliya ba ce kuma ba za ta zama shaidata a kansa ba. Na biyu, sai uban ya san ana ganin yaran kuma ya amince, in ba haka ba ɗakinta ma zai zama wani sirrin da za su riƙa ɓoye wa ɗayanmu.

Na buɗe lambarsa a daren, na rubuta layi biyu. Ya amsa da kalma ɗaya: "To."

Kowane yaro yana shiga shi kaɗai, sau ɗaya a mako, kamar minti 45. Da na leƙa ɗakin sai na ga kayan wasa ne: 'yan tsana, ƙananan gidaje, motoci, fensiran launi, da wani faranti mai faɗi cike da yashi. Na ce a raina yanzu wannan zan riƙa barin aiki ina kawo su yi? Ta lura da fuskata. Ta ce in ka zaunar da ɗan shekara 6 ka ce ya faɗi damuwarsa, "ba komai" zai ce maka, amma ka ba shi 'yar tsana ka ga abin da za ta faɗa a madadinsa. Ba sabon abu ba ne ma, tun 1947 wata Ba'amurkiya, Virginia Axline, ta shimfiɗa ƙa'idojin jinya ta hanyar wasa. Ta kuma gargaɗe ni kada in tsare su da tambayar me suka ce a ciki. Abin da ya kamata in sani za ta gaya mini, da saninsu, sai dai in ta ga wani haɗari, wannan ba za ta rufe ba.

Makonni huɗu ba abin da ya canza. Cikin yana ciwo, katifa tana jiƙewa. Na kusa dainawa.

A mako na shida ta kira ni ciki, yaron yana zaune, ta ce ya yarda a nuna mini wani abu. A cikin yashin ya gina gida biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. A tsakiya ya ja layi da yatsa, ya tsayar da wani ƙaramin soja a kai. Ta ce tun makon farko yake gina wannan, kuma sojan bai taɓa shiga ko ɗaya daga gidajen ba. Ta tambaye shi aikin sojan. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yana gyara magana kafin ta wuce."

Ashe shekara biyu yana wannan aikin. In na ba shi magana mai ƙaya, sai ya zauna a mota yana cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya kafin su isa. In uban ya ba shi tasa, haka. Kuma dole ya riƙe a kansa abin da ya gaya wa kowa, kada ƙaryar jiya ta ci karo da ta yau. Babba ma aka ɗora masa wannan sai ya rame. Shi ne na ja wa kunne a gaban jama'a.

Akwai wanda ya fi wannan. Faɗanmu na ƙarshe kafin rabuwa ya tashi ne a kan ranar da aka manta shi a makaranta. Ni na ɗauka uban zai ɗauko shi, shi ya ɗauka ni ce. Yaron ya yi awa biyu a bakin get yana kuka, mai gadi ya kira mu. A daren muka yi ta yi har gari ya waye, bayan mako guda na bar gidan. Mu mun san auren ya daɗe da rubewa, wannan dalili ne kawai ya samu. Shi bai sani ba. A lissafinsa na ɗan shekara 7, da bai yi kuka ba, da mai gadi bai kira ba, da har yanzu muna gida ɗaya. Shi ya sa bai yi kuka ba ranar da na kama kunnensa. Ya riga ya yanke wa kansa cewa kukansa ne yake rusa gida.

Likitar ta ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Wasu masana biyu, John Grych da Frank Fincham, sun bayyana tun 1990 cewa ba faɗan kaɗai ke cutar da yaro ba, har da fassarar da ya yi masa: shin ni na jawo, shin abin zai faɗo kaina, shin zan iya tsayar da shi. Kuma faɗan da ya fi yi masa illa shi ne wanda ake yawan yi, mai zafi, wanda ba a sasantawa, wanda kuma a kansa ake yi. Na duba namu, duka huɗun ya cika. Bayan saki ai ba sauran abin da ya haɗa mu sai yaran, don haka kowane faɗa da sunansu a ciki.

Da shi ta yi aiki a kan wannan tunanin kai tsaye. Ta kawo kwando biyu, ɗaya na matsalar yara ɗaya na matsalar manya, suna rubuta damuwa a 'yar takarda yana zaɓar inda zai jefa. Na manta littafina a gidan Abba: ta yara ce, akwai abin da zai iya yi. Ba a biya kuɗin makaranta ba: ta manya ce. Mama da Abba su koma tare: ya daɗe riƙe da wannan takardar, in ji ta, kafin ya sake ta a kwandon manya. Daga baya na karanta cewa wannan rarrabewar tana cikin ginshiƙan wani shiri da JoAnne Pedro-Carroll ta fara a makarantun Rochester ta Amurka a shekarun 1980, inda ake tara 'ya'yan da iyayensu suka rabu rukuni-rukuni, su ga ba su kaɗai ba ne, su koyi bambanta abin da za su iya warwarewa da wanda ba nasu ba. Ta koya masa sunayen abin da yake ji, domin shi komai "ciwon ciki" yake kiransa, tsoro ne ko fushi ko kewa. Ta koya masa jan numfashi a hankali in cikin ya fara murɗawa. Sannan ta ba shi jimla guda, suka yi ta maimaitawa da 'yan tsana.

Ni aka fara gwada jimlar a kaina. Wata Juma'a ina ɗaure wa Auta takalmi na ce, "Yaya, ka ce wa Abbanku ya dawo da rigar sanyinta." Ya tsaya, muryarsa tana rawa, ya ce, "Mama, wannan maganar manya ce. Ki gaya masa da kanki." Wallahi sai da na ji jini ya hau mini kai. Rigar sanyi ce fa kawai! Na buɗe baki, sai na ga hannunsa ya tafi cikinsa. Na ce, "Gaskiyarka." Na ɗauki waya.

Ashe ni ma an ware mini nawa zaman, duk mako biyu. Na shiga jinyar nan da niyyar a gyara mini yara, sai na tarar rabin aikin a kaina yake. Laifi tudu ne. Ta lissafa mini hanyoyin da ake saka yaro a tsakiya, ina ji kamar ta kwana a gidana: aike, tambayar me ake ciki a can gidan, "kada ka gaya wa ubanka", zagin uban a waya da ƙawa alhali suna falo, da cewa "halinka sak na ubanka" in ya yi laifi. Ta ce yaro ya san rabinsa daga can yake, in ka zagi can ɗin shi ka zaga. Na ce ni ban taɓa hana su son ubansu ba. Ta ce, "Da baki ba ki hana ba. In sun dawo suna murna, yaya fuskarki take?" Ban amsa ba. A makon na tarar da wata 'yar tsana a ƙasan jakar makarantar Auta, naɗe cikin safa. Uban ne ya saya mata, wata biyu tana yawo da ita a ɓoye don kada in gani raina ya ɓaci.

Na tambaye ta ko mun riga mun lalata su. Ta ba ni alƙaluman Mavis Hetherington, wadda ta bi iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru kusan 30 a Amurka: kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na 'ya'yan da iyayensu suka rabu suna tashi lafiya lau, kashi 20 zuwa 25 ne ke samun matsala mai tsanani, a gidajen da ba a rabu ba kuwa kamar kashi 10. Ta ce sakin ya riga ya faru, ba a mayar da shi. Abin da ke tura yaro wannan ɓangare ko wancan, mafi yawansa yana hannunmu har yanzu: ko faɗan ya ci gaba a gabansa, da kuma irin kulawar da yake samu a gidan da yake kwana. Maganar ta kwantar mini da hankali ta kuma hana ni barci, don ta ƙwace mini uzurina.

Aikin gida ta riƙa ba ni kamar 'yar firamare. Minti 15 da kowane yaro shi kaɗai, shi zai zaɓi abin da za a yi, ba gyara, ba wa'azi, ba waya. In ya yi magana in maimaita abin da na ji kafin in ba da shawara. Lokacin barci ya tsaya wuri ɗaya, doka ta zama doka, kada tausayin rabuwa ya sa in bar su su yi yadda suka ga dama yau, gobe in huce haushina a kansu. Ta ce ta aro yawancinsu daga wani shiri na jami'ar jihar Arizona, na Sharlene Wolchik da Irwin Sandler, wanda aka gwada a kan iyalai 240, iyaye mata aka koya wa waɗannan dabarun, aka kuma bi yaran bayan shekara 6 da bayan 15 aka ga amfanin bai gushe ba. Minti 15 ɗin nan ya fi komai wuya. Ban san na daina sauraron 'ya'yana ba sai da aka ce in yi shiru na kwata ɗin awa.

Uban bai zo ba sai a wata na uku, kuma shi kaɗai ta gani. Ban san me suka tattauna ba, ban tambaya ba. Abin da ya fito daga ciki yarjejeniya ce a rubuce, shafi ɗaya. Masu cewa "ku zama abokai saboda yara" ina ganin ba su taɓa rabuwa da kowa ba. Mu ba a nemi mu zama abokai ba, an nemi mu rage haɗuwa ne. Magana a rubuce kawai, a kan yara kawai, gajera, a amsa cikin kwana ɗaya, ba tone-tone. Ya ɗauke su daga makaranta ranar Juma'a, ya mayar da su makaranta ranar Litinin, ta yadda ba sai mun tsaya a ƙofa ɗaya ba. Gidansa dokarsa, gidana dokata, sai abin da ya shafi lafiya da karatu. Na ƙi wannan na ƙarshen da farko, don a can ana barin su kallo har dare. Likitar ta ce in auna: awa ɗaya ta ƙarin kallo, ko faɗan da zan tayar a kanta, wanne ya fi cutar da su?

Sau ɗaya tak muka zauna ɗaki ɗaya, mu huɗu da ita, kuma sai da kowannenmu ya yi atisayen abin da zai faɗa. Uban ya fara. Ya ce, "Babana, ranar da aka manta ka a makaranta laifina ne da na mamarka. Kukan da ka yi daidai ne. Ba kai ka raba mu ba, kuma ba abin da za ka yi ka haɗa mu." Ni kuma na ce masa ba maƙaryaci ba ne, aikin da muka ɗora masa ne ba nasa ba, kuma na sauke masa daga yau. Na ba shi haƙurin kunnen da na ja. Ya kalli uban, ya kalle ni, sannan ya fashe da kukan da ban ji irinsa ba tun yana goye. Auta ta ga yayanta yana kuka ita ma ta kama. Likitar ba ta ce a yi shiru ba, ta miƙo mana hankici kawai.

Fitsarin kwancen ya tsaya a wata na huɗu. Ciwon cikin ya riƙa ja da baya, ya ɓace, sannan ya dawo da ƙarfinsa a wata na bakwai, lokacin da uban ya sake aure. Ni na dawo da shi. Na koma tsohon halina ba tare da na lura ba: yaya take, me ta ce muku, a wane ɗaki kuke kwana. Auta ce ta tsayar da ni wannan karon, ta ce, "Mama, Anti likita ta ce ba dole mu ba da labarin can ba." Muka ƙara wata uku a jinya. Gaba ɗaya mun yi kusan shekara, aka riƙa tazara tsakanin zama har aka sallame mu, da sharaɗin ƙofa a buɗe take.

Har gobe ni da mutumin nan ba ma shiri. Akwai saƙonnin da nake rubutawa in goge sau uku kafin in tura layi ɗaya mara gishiri. Wani lokaci shi ne ke karya yarjejeniyar, in ga magana mai ƙaya ta shigo, in ajiye wayar sai da safe.

Yanzu yaron shekararsa 12. Litinin ɗin da ta wuce ya dawo daga makaranta, ya ajiye jaka, ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hannu. Ban tambaye shi komai ba. Can ya ce, "Mama, matar Abba ta haihu. Namiji. An ba ni na riƙe shi." Idonsa yana kan fuskata, ina ganin yadda yake karanta ta. Na ce, "Kai, ka zama babban yaya sau biyu ke nan. Yana da gashi?" Ya ce da yawa, kuma yatsunsa kamar ashana, kuma ya yi masa atishawa a fuska. Ya yi ta zuba har minti goma, Auta tana katse shi tana cewa ita ta fara ɗauka. Da suka fita na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi abin da zan yi, na wanke fuska. Sannan na ɗauki waya na rubuta wa uban: "Barka. Yaran sun yi murna. Littafin lissafin Yaya yana wurinku, a kawo makaranta gobe."